Me Ya Sa Gidajen Majalisar Birni a Jamus Suke Kama da Fada ko Coci?

Tambaya: Ina karatun zanen gine-gine. Na ga 'yan wasan Bayern Munich sun hau barandar wani katafaren gini suna nuna wa jama'a kofi, gini mai doguwar hasumiya da zankwaye da mutum-mutumi ta ko'ina. Na ɗauka tsohuwar majami'a ce, sai aka ce mini ofishin magajin gari ne. Daga baya na ga hotunan na Hamburg da na Hanover, su ma haka. Me ya kai hukumar birni ga gina irin wannan, kuma wane salo ne?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗan'uwa. Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, ginin da ka gani a dandalin Marienplatz na Munich bai tsufa kamar yadda ido yake gaya maka ba. A 1867 aka aza harsashinsa, aka yi ta ƙara masa har 1909, lokacin da jirgin ƙasa da wutar lantarki suka riga suka zama ruwan dare a birnin. Wanda ya zana shi, Georg von Hauberrisser, yana ɗan shekara 25 aka zaɓi zanensa. Da gangan ya yi wa sabon gini shigar ƙarni na 15, kuma masu birnin suka biya kuɗin suna murna. Don haka sai mun fara sanin abin da ya faru a wancan tsohon zamani, wanda ya sa jikoki suka ga ya cancanci a aro rigarsa.

Jamus ba ta dunƙule ta zama ƙasa ɗaya ba sai a 1871. Kafin nan ƙananan masarautu ne barkatai, wasu a hannun sarakuna, wasu a hannun manyan limaman coci waɗanda suke mulki kamar sarakuna, da sojojinsu da harajinsu. Tun daga ƙarni na 12 zuwa na 13, fatake da attajiran birane suka fara ƙwatar wa kansu iko, wani wuri da kuɗi, wani wuri da takobi: ikon yin shari'a, da karɓar haraji, da gina ganuwa, da riƙe hatimin birni. Wasu biranen ma suka kai matsayin da ba su da ubangida sai sarkin sarakuna, Kaisar, shi kuwa yana nesa. Majalisar da ta riƙe wannan iko tana bukatar gida, shi ne Rathaus. A tsohon birnin Hausa kamar Kano, fada ce cibiya, kasuwa kuma tana ƙarƙashin sarki ta hannun sarkin kasuwa. A waɗannan biranen kuwa kasuwar ce ta haifi masu mulkin. Shi ya sa kusan duk inda ka je, gidan majalisa yana bakin dandalin kasuwa, ya ba ta fuska.

Tsarin tsohon gidan ba shi da wuyar ganewa. Ƙasa rumfa ce buɗaɗɗiya mai ginshiƙai da bakan gizo, inda 'yan yadi da sauran 'yan kasuwa suke kasa haja. A nan ake ajiye sikelin birni da ma'aunin da kowa zai bi. A Regensburg har yau akwai sandunan ƙarfe manne a jikin bangon tsohon gidan majalisa, waɗanda da su ake raba gardama idan mai saye ya ce an tauye masa kamu. Sama kuma zaure ne guda babba, a nan ake zaman majalisa, a nan ake shari'a, a nan ake liyafa da rawa idan babban baƙo ya zo. Ƙarƙashin ƙasa akwai ma'ajiyar giyar inabi, domin a birane da yawa majalisa ce take da ikon cinikinta kuma tana samun kuɗin shiga sosai daga nan, wani lokaci kuma akwai kurkuku, kamar ƙananan ɗakunan duhu da suke ƙarƙashin na Nuremberg. Barandar da ka ga 'yan ƙwallo a kai ita ma tana da asali. Daga irin wannan baranda ake karanta wa mutanen gari dokoki da sanarwa, a zamanin da yawancinsu ba sa karatu.

A Lübeck, uwar ƙungiyar biranen fatake da ake kira Hansa, zauren da ake shari'a yana da ƙofa mai ƙyaure biyu, ɗaya dogo ɗaya gajere. Labarin da mutanen garin suke bayarwa shi ne, wanda aka wanke yakan fita ta dogon da hularsa a ka, wanda aka kama da laifi kuwa sai ya sunkuya. Kai da kake koyon zane, ka riƙe wannan: da tsayin ƙofa kaɗai magini ya bayyana hukuncin alƙali ga duk wanda yake tsaye a waje.

Idan gini ɗaya za ka nazarta da kyau, ni Bremen zan tura ka. An gina shi tsakanin 1405 da 1410 da bulo, a salon Gotik mai dogayen tagogi masu tsini a sama, kuma girmansa daidai misali ne, bai kai na Munich ko kusa ba. Abin lura shi ne maƙwabcinsa. Babbar majami'ar birnin tana gefensa, kuma babban limaminta shi ne ubangidan Bremen a hukumance. Tsakaninsa da 'yan kasuwa ba a ga maciji. A 1366 mutanensa suka ƙona mutum-mutumin katako na jarumi Roland, wanda mutanen gari suke ɗauka alamar 'yancinsu. A 1404 majalisa ta sa aka sassaƙa sabo da dutse, tsayinsa ya haura mita 5, riƙe da takobi tsirara, aka kuma juya fuskarsa yana kallon majami'ar. Shekara guda bayan haka aka fara ginin majalisa. A bangon da yake fuskantar kasuwa suka jera siffar Kaisar da ta manyan sarakuna bakwai masu zaɓensa, wato suna cewa mu da Kaisar kai tsaye muke, babu wani a tsakani. A takarda ba su samu wannan matsayi ba sai a 1646, amma sun riga sun faɗe shi da dutse shekara fiye da 200 kafin nan.

Fuskar da ake ɗaukar hoto a yau an ƙara ta ne daga 1608 zuwa 1612, ƙarƙashin magini Lüder von Bentheim. Ya bar tsohon jikin bulon yadda yake, ya faɗaɗa tagogi, ya sabunta rumfar gaba mai bakan gizo 11, ya ɗora wani ɓangare mai yawan gilashi a tsakiya, ya cika ko'ina da sassaƙa a salon da ake dangantawa da yankin kogin Weser. Idan ka hau sama, zauren ya kai tsawon mita 40, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa, manyan azarori na katako ne suke riƙe da rufin. Daga rufin an rataye ƙananan jiragen ruwa na yaƙi, da tutocinsu da 'yan bindigoginsu, irin waɗanda suke yi wa jiragen fatake rakiya. Duk wanda ya zauna a majalisar, da ya ɗaga kai zai tuna inda kuɗin birnin yake fitowa. Ginin ya tsira daga ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu duk da cewa fiye da rabin birnin ya rushe, kuma a 2004 hukumar UNESCO ta sa shi tare da Roland cikin kayan tarihin duniya. Har yanzu magajin garin Bremen a nan ofishinsa yake, a ɓangaren da aka ƙara daga baya tsakanin 1909 da 1913.

Batun hasumiya kuma, Kolon (Köln) ce ta fi bayyana shi. A da coci ne yake da dogon gini da ƙararrawa, shi yake gaya wa gari lokaci. Idan majalisa ta gina tata hasumiyar ta rataya tata ƙararrawar, to ta karɓe ikon tara jama'a da buɗe kasuwa da sanar da gobara. A Kolon, ƙungiyoyin masu sana'a sun kifar da mulkin tsofaffin gidajen attajirai a 1396, sai suka gina hasumiya mai tsayin mita 61 daga 1407 zuwa 1414 don tunawa da nasarar. A cikinta suka adana takardun birni da makamai. A jikinta akwai wani kan mutum na katako mai gemu wanda duk awa yake wage baki ya zaro harshe, kuma mutanen Kolon suna ji da shi ƙwarai.

To, yanzu mu dawo kan waɗanda ka gani a hoto da ire-irensu, domin Munich da Hamburg da Hanover da Berlin da Leipzig duk 'ya'yan zamani ɗaya ne, daga shekarun 1860 zuwa jajibirin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Abubuwa biyu suka haɗu. Na ɗaya, a 1808 ƙasar Prussia ta yi dokar da ta ba birane damar gudanar da harkokinsu ta hannun zaɓaɓɓun wakilai, sauran yankuna suka biyo baya da irin nasu. Na biyu, masana'antu suka kumbura biranen. Berlin wadda ba ta kai mutum rabin miliyan ba a 1850 ta kai miliyan 2 a 1905. Hukumar birni ta wayi gari tana kula da ruwan famfo da magudanai da iskar gas da makarantu da asibitoci da motocin dogo na cikin gari, ma'aikata ɗaruruwa kuma ba wurin zama. Dole a yi sabon gini. Saura wace riga za a sa masa.

A nan kowane birni ya zaɓi zamanin da yake so a tuna shi da shi. Sarakunan Bavaria, ƙasar da Munich take babban birninta, musamman Ludwig na Ɗaya, sun cika Munich da gine-gine masu kama da na tsohuwar Girka da Italiya. Da talakawan gari da attajiransu suka tashi yin nasu, sai suka kauce wa salon sarki suka koma Gotik, salon zamanin da birane suke cin gashin kansu. Fuskar ginin ta kai mita 100, hasumiyar mita 85, agogon nan mai ƙararrawa 43 da 'yan tsana 32 masu zagayawa kuwa an ƙara shi ne a 1908. Amma ka nemi taswirar ginin ka duba daga sama. Za ka ga ofisoshi ne wajen 400 jere a kan dogayen lunguna, kewaye da tsakar gida shida don haske da iska su shiga. Cikinsa ma'aikata ce ta zamani sak.

Berlin ta bi wata hanya. Hermann Friedrich Waesemann ya gina nata daga 1861 zuwa 1869 da jan bulo tsirara, ba shafe, kuma saboda launin bulon ake ce masa Jan Gidan Majalisa. Hasumiyarsa mai mita 74 an yi ta ne a unguwa ɗaya da fadar sarkin Prussia, inda duk mai ido zai gwada tsayin biyun. A kewayen ginin, daidai hawa na farko, an jera alluna 36 na gasasshen yumɓu masu ba da tarihin birnin, kuma a cikinsu 'yan kasuwa da masu sana'a da malamai sun samu wuri sosai.

Hamburg ce ta fi ɗaukar hankalina, saboda a nan ne girman kan birni da sakacinsa suka bayyana a gini ɗaya. A gobarar watan Mayu na 1842, hukuma da kanta ta sa aka tarwatsa tsohon gidan majalisa da albarushi don a datse wa wutar hanya, wutar kuma ba ta tsaya ba. Daga nan birnin ya yi shekara 55 ba shi da gidan kansa, majalisa tana zama a gine-ginen aro. An yi gasar zane har sau biyu ba a cimma matsaya ba. A ƙarshe wasu maginan garin ƙarƙashin Martin Haller suka haɗa kai suka kawo zane ɗaya, aka fara aiki a 1886, aka buɗe a 1897. Wurin taɓo ne a bakin ruwan Alster, sai da aka kafa gungumen itace wajen 4,000 a cikin ƙasa kafin a ɗora harsashi. Ɗakunansa 647, hasumiyarsa mita 112. Sun zaɓi salon Renesans, wanda yake tuna wa mai kallo jamhuriyoyin fatake na Italiya irin su Venice da Florence, domin Hamburg jamhuriya ce, ba ta da sarki.

Ka dubi yadda suka tsara fuskar. Tsakanin tagogi an jera siffofin sarakunan Jamus guda 20, amma a saman su, a jikin hasumiya, sai aka ɗora siffofi masu wakiltar kyawawan halayen ɗan gari: hikima da haɗin kai da jarunta da tsoron Allah. A saman babbar ƙofa akwai rubutun Latin mai cewa 'yancin da magabata suka samo, na baya su yi ƙoƙarin kiyaye shi yadda ya dace. A ciki, hagu na 'yan majalisar dokoki ne, dama na gwamnati. Ɗakin da gwamnati take zama ba shi da taga ko ɗaya a bango, haske daga rufin gilashi yake saukowa, ana danganta hakan da tsohuwar al'adar yin shawara a fili ƙarƙashin sama. A babban zaure akwai zanen wani bishop, wato babban limamin coci, yana sa albarka, amma gabansa babu kowa, domin an sa mai zanen ya goge mutumin da ya zana a durƙushe, a kan cewa ɗan Hamburg ba ya durƙusa wa kowa. Haka nan magajin gari ba ya saukowa tarbar baƙo, a saman matakala yake jira. A bayan ginin kuwa, manne da shi, kasuwar hannun jari ce. Tsakar gida ɗaya suke tarayya.

A wannan tsakar gidan ne abin da ya fi taɓa ni yake. Da farko an shirya kafa siffar gunkin ciniki na Romawa a kan maɓuɓɓugar ruwan da take tsakiya. Ana cikin gini, a 1892, kwalara ta ɓarke ta kashe mutum wajen 8,600. Dalilin a fili yake: birnin yana ba jama'a ruwan kogin Elbe ba tare da tacewa ba, hukuma ta yi shekaru tana jan ƙafa kan kuɗin matatar, alhali maƙwabciyarta Altona mai tace ruwanta da yashi ta tsira da sauƙi. Talakawan lungunan bakin tashar jiragen ruwa su suka fi mutuwa. Birnin da ya iya zuba miliyoyi a dutse da tagulla ya kasa ba mutanensa ruwa mai tsabta a kan lokaci. Bayan annobar aka sauya shawara, aka kafa siffar Hygieia, alamar tsabta da lafiya, tana tsaye a kan dodon da aka murƙushe. Ina ganin duk ɗalibin zane ya kamata ya san wannan labari kafin ya yaba wa hasumiyar.

Na Leipzig da na Hanover gasar girma ce ta fito fili. Leipzig ta rushe tsohon sansanin Pleissenburg ta gina nata a wurin daga 1899 zuwa 1905, hasumiyarsa kusan mita 115, babu ta wani gidan majalisar birni a Jamus da ta kai ta. Hanover ta gina nata daga 1901 zuwa 1913 a kan gungume 6,026, da ƙubba mai kusan mita 100 wadda ake hawa da lif mai bin lanƙwasar ƙubbar. Ana ba da labarin cewa ranar buɗewa shugaban birnin, Heinrich Tramm, ya gaya wa Kaisar Wilhelm na Biyu cewa mark (kuɗin Jamus na lokacin) miliyan goman da aka kashe duk kuɗi hannu aka biya. A ra'ayina na Hanover ya wuce gona da iri. Ya bar bakin kasuwa ya koma gefen lambu da tafki, ya ɗauki ƙubba irin ta fada, har ya zama abin da kakanninsa suka gina don su ƙalubalanta. Abin da ya fi amfani a cikinsa shi ne taswirori huɗu masu tudu da aka ajiye a zauren shiga, suna nuna birnin a 1689 da 1939 da 1945 da kuma yau. Ta 1945 kusan babu rufi ko ɗaya a tsakiyar gari.

Wannan ta kawo mu ga gargaɗi na biyu game da abin da ido yake gani, bayan wanda na yi a kan ginin Munich. Da yawa daga cikin tsofaffin gidajen majalisa sun ƙone a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma abin da yake tsaye yau amsa ce ga tambayar da kowane birni ya yi wa kansa bayan 1945. Münster ta sake gina nata kamar da, kuma ta yi sa'a domin an kwashe katakon ɗakin da aka ƙulla sulhun Westphalia na 1648, wanda ya kawo ƙarshen wani dogon yaƙi a Turai, an ɓoye kafin bam ya sauka. Augsburg ta maido da ginin Elias Holl na 1615 zuwa 1620, amma zaurensa mai ruwan zinariya sai a shekarun 1980 aka dawo da adonsa. Stuttgart ta riƙe ɓangarorin baya da suka tsira ta yi sabuwar fuska miƙaƙƙiya ba ado, daga 1953 zuwa 1956. Berlin kuwa ta samu biyu: da aka raba birnin gida biyu bayan yaƙin, Jan Gidan ya faɗa ɓangaren gabas, gwamnatin yamma ta koma gidan majalisar unguwar Schöneberg, inda shugaban Amurka John F. Kennedy ya yi jawabinsa a 1963, kuma sai a 1991 aka sake haɗuwa a gida ɗaya.

Akwai dalilin da ya sa maginan bayan yaƙi suka guje wa hasumiya da ado. Sun ga yadda mulkin Nazi ya yi amfani da manyan gine-gine wajen ƙanƙantar da mutum, sai suka ɗauka gilashi da kankare marasa alfahari su suka dace da dimokuraɗiyya. Niyyar mai kyau ce, sakamakon ne ya bambanta. Na Mainz, wanda Arne Jacobsen na Denmark da abokin aikinsa Otto Weitling suka zana aka gama a farkon shekarun 1970, gini ne mai tunani a cikinsa, ko da yake mutanen garin sun daɗe suna gardama a kansa. Essen kuwa ta rushe tsohon nata a shekarun 1960 aka gina babban kanti a filin, ta koma dogon bene mai mita 106 a 1979, wanda baƙo zai iya ɗauka hedikwatar kamfanin inshora ne.

Frankfurt ta ɗanɗana duka biyun. Gidan majalisarta, Römer, ba a taɓa zana shi a matsayin gini ɗaya ba. A 1405 majalisa ta sayi gidajen attajirai biyu, ta yi ta sayen na maƙwabta tana huda bango tana haɗawa har suka kai 11, shi ya sa daɓen ciki yake hawa yana sauka. A zaurensa ake yi wa sabon Kaisar walimar naɗi, kuma hotunan sarakuna 52 suna jere a bango. Ya ƙone a 1944, aka sake gina shi bayan fuskar nan mai kawuna uku masu hawa-hawa. A farkon shekarun 1970 aka gina wa sassan fasaha na birnin wani ƙaton ginin kankare kusa da shi, tsakaninsa da babbar majami'a. Bai cika shekara 40 ba aka fara rushe shi a 2010, aka maye gurbinsa da gidaje 35 a kan tsarin tsofaffin lunguna, 15 daga ciki kwaikwayon waɗanda suka ƙone, aka buɗe unguwar a 2018. Masana zane da yawa sun soki aikin, suna cewa tarihin jabu ne. Ni ban ga laifin mutanen Frankfurt ba da suke son lungunan da ɗan adam zai taka da ƙafa, amma ina tare da masu sukar a kan abu ɗaya: gidan da aka gina jiya ya kamata ya bar wa mai kallo alamar da zai gane cewa jiya aka gina shi. Daga cikin gidajen 35 ɗin, guda 20 da aka yi wa sabon zane bisa faɗin fili da tsayin rufi irin na da sun fi kwaikwayon 15 ɗin koyar da ɗalibi, kuma su nake ba ka shawarar ka nemi zanensu ka kwatanta da taswirar unguwar ta kafin yaƙi.